Ɗan Shekara Biyu da Jakar Makaranta

A birane irin su Kano, Kaduna da Zariya, da zarar yaro ya gama tatata ya fara kiran sunan abu biyu ko uku, tambayar da ake yi wa uwarsa ta sauya. A da, ana tambaya ko an yaye shi, ko haƙora sun gama fitowa, ko ya yi ƙyanda. Yanzu tambayar ita ce, "Wace makaranta kuka sa shi?" Idan ta ce yana gida, sai a ɗan yi shiru, irin shirun da ke nufin an ga sakaci amma ana jin nauyin faɗa. Wata ma takan faɗa: "Ai kuwa ki yi sauri, sa'anninsa sun yi nisa." Sa'annin nan da ake cewa sun yi nisa, wasunsu ko famfas ba a cire musu ba.

Wannan abu sabo ne ƙwarai, ko da yake mun saba da shi har muna jin kamar da shi muka tashi. Lokacin da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta, wato UPE, a watan Satumba na 1976, shekara shida ce ƙa'idar shiga aji ɗaya. Da yake yawancin yara ba su da takardar haihuwa, hedimasta kan sa yaro ya ɗora hannu bisa kai ya kamo kunnen ɗaya gefen. In hannu ya kai an ɗauke ka, in bai kai ba ka koma gida sai baɗi. Babu wanda ya ɗauki komawar nan asara. A ƙauyuka da yawa ma murna ake yi, don a lokacin dagaci da masu unguwa ne ke bi gida-gida suna neman yaran da za a kama wa boko. Makarantar allo ta fi saurin karɓar yaro, amma ko a can, ƙaramin da ya biyo yayyensa ba a damƙa masa allo nan take. Yakan zauna a gefe, ya yi wasa da ƙasa, ya yi gyangyaɗi, kunnensa na shan karatu, har sai ya kai shekara huɗu ko biyar kafin a fara masa babbaƙu.

Nazare kuwa akwai ta tun a lokacin, amma ta 'ya'yan manyan ma'aikata ce: a unguwannin Turawa na da, a barikin soja, a Sabon Gari, a makarantun 'ya'yan malaman jami'a. Manufar ilimi ta ƙasa da aka fitar a 1977 ta amince da ita ga 'yan shekara uku zuwa biyar, ta bar gudanar da ita a hannun masu zaman kansu, ta kuma ce a koyar da yaran ta hanyar wasa, cikin harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin. Sharaɗin barin ta a hannun 'yan kasuwa an cika shi cif. Sauran biyun, wasa da harshen uwa, a takarda suka tsaya.

To me ɗan shekara biyu yake yi tun safe har dare a wancan zamani? A gidan da na tashi, gidan gandu ne mai sassa, kuma ban taɓa ganin yaro yana zaune shi kaɗai ba sai in barci yake yi. Da sassafe yana bin kakarsa ta ba shi tsaba a tafin hannu ya watsa wa kaji, rabi a ƙasa rabi a kan ƙafarsa. In mata suka fara lugude, ya samo guntun icce ya tsaya kusa da turmi yana nasa dakan. Yayyensa mata na tuwon ƙasa a gwangwanin tumatir, su naɗa shi ɗa ko baƙo, su zuba masa, ya yi kamar yana ci. Maza na haɗa motar kara, shi aikinsa ya riƙe musu ƙaya ko ya ɓata abin da suka haɗa ya sha rankwashi. Aikensa na farko bai wuce taku ashirin ba: "Ungo, kai wa Inna ludayin nan." Sai dukan gidan a zuba ido a ga ko zai kai, ko akuya za ta ɗauke masa hankali a hanya. In ya kai, a yi masa guɗa. Kakarsa kuma ba ta barin bakinsa ya huta. "Maigida, yau ma ba cefane? To na fasa auren." Dole ya nemo abin da zai mayar mata da gwarancinsa, a yi dariya, ta gyara masa kalmar, ya sake faɗa. Bayan isha'i a shimfiɗa tabarma, ya yi barci a tsakiyar labarin Gizo da Ƙoƙi.

Babu wanda ya tsara wannan, babu wanda ya kira shi darasi. Amma a cikinsa akwai magana ta kai-da-kawowa, da motsa jiki, da gwajin hannu, da koyon jira, da sanin wane ne wane. Ko goyo kansa makaranta ne: yaro na bayan uwa ko yaya, kansa na daidai kafaɗarta, duk gaisuwar da aka yi da ciniki da faɗa a kunnensa. Wata masaniyar al'adun al'umma 'yar Amurka, Enid Schildkrout, ta zauna a cikin birnin Kano a shekarun 1970 tana nazarin rayuwar yara. Abin da ta fi jaddadawa shi ne yara ne ke haɗa gidajen matan kulle da juna da kuma kasuwa: su ke kai saƙo, su ke sayo kayan miya, su ke talla, su ke shiga inda babba ba ya shiga. Ƙaramin yaro na kallon wannan zirga-zirga tun yana goye, kuma ya san ranarsa na zuwa.

Kada dai mu yi wa jiya kwalliyar da ba ta da ita. A gidajen nan ne yara ke faɗawa rijiya da tukunyar ruwan zafi. A nan ne ƙyanda da tari da gudawa ke kwashe su kafin su kai shekara biyar. Yaye kan zo wa yaro bagatatan: a shafa wa nono ɗaci, ko a kai shi gidan kaka a wuni ɗaya, ya kwana yana kuka. Alkunya ta sa uwa ba ta wasa da ɗan fari ko kiran sunansa, in kuma ba a yi sa'ar kaka ko goggo mai kula ba, yaron ya tashi a rakuɓe. Yarinyar da ke goyon ƙaninta, sau da yawa karatunta ne aka biya kuɗin rainon da shi. Sannan da yaro ya fara wayo ya soma tambaya, abin da ya fi ji shi ne "yi mana shiru." Ga kuma yunwa, wadda har yau ba ta tafi ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Yaron da bai ƙoshi ba, ko a gidan kakanni goma yake, ƙwaƙwalwarsa ba za ta samu haƙƙinta ba.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne gidan nan na gandu, da kyansa da muninsa, ya watse wa mutane da yawa. Ango da amarya yanzu suna tarewa ne a filat ko ɗaki biyu na haya a bayan gari, an ja katanga an sa get. Kaka tana cikin birni ko ƙauye, sai a waya. Yayye suna makaranta tun bakwai na safe, daga can Islamiyya. Tsoron masu satar yara ya hana a bar yaro ya leƙa ƙofar gida, dandali kuma an yanka shi filoti an sayar. Uwa ma'aikaciyar jinya ce, ko malama, ko tana banki, ko tana jami'a. Dokar ƙwadago ta ba ta hutun haihuwa na mako 12 ne kawai. Jihar Kaduna ta ƙara wa ma'aikatanta zuwa wata shida a 2019, amma ko wata shidan ya ƙare yaro bai fara rarrafe sosai ba. Wadda ba ta fita aiki ma, sau da yawa ita kaɗai ce da yaro da waya a cikin ɗaki. Saboda haka duk mai cewa a bar yara a gida kamar yadda aka bar mu, sai a tambaye shi: wane gidan? Uwar da ta kai ɗanta gidan raino don ta je aiki ba ta yi laifin komai ba, kuma ba da ita nake ba.

Da wata magana nake, wadda ta shiga kan iyaye har da waɗanda ba su da larura: wai in ba a sa yaro a aji tun yana shekara ɗaya da rabi ko biyu ba, an bar shi a baya. Hujjar kullum ita ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na taɓa raka wata 'yar'uwata ɗauko ɗanta a irin wannan makaranta, muka isa kafin a tashi, aka bar mu muka tsaya bakin taga. Gida ne na haya aka mayar makaranta, ajin kuwa ɗakin kwana ne a da. Yara sun haura talatin, babbansu bai cika uku ba, an jera su a benci cikin yunifom da safa da takalmi sau-ciki, ga zafin Afrilu. Anti na gaba da rula a hannu tana faɗar haruffan Turanci, suna amsawa da iya ƙarfinsu. Uku sun kifa kai a tebur sun yi barci. Ɗaya na kuka a hankali, kukan wanda ya gaji da kuka. Da aka zo rubutu, sai anti ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta dunƙule hannun yaro cikin nata ta ja fensir, ta wuce na gaba. Wani yaro ya ce da ita, "Anti, ruwa zan sha," ta ce masa ba a banakula a nan. Ya yi shiru, don ba shi da wata hanyar faɗa. A jakar ɗan 'yar'uwata akwai aikin gida, shafi guda na lambobi. Na tambaye ta wa ke yi. Ta yi dariya ta ce, "Wa kuwa? Ni mana."

Ban ga mugunta a fuskar antin nan ba, gajiya na gani. A makarantu da yawa irin wannan, albashin anti bai kai mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, ba a taɓa koya mata yadda ake tafiyar da ƙananan yara ba, kuma yaran da ke gabanta sun wuce 25 ɗin da manufar ilimi ta ƙayyade wa malamin nazare guda. Abin da mai makaranta ya ce ta yi shi take yi, shi kuma abin da iyaye ke biya su gani shi yake sayarwa: littafi cike da rubutu, yaro na rero ɗaya zuwa hamsin a gaban baƙi, katin sakamako mai nuna ya zo na kaza a aji, da bikin ƙarshen shekara inda ake sa wa ɗan shekara uku riga da hular kammala digiri a yi hoto.

Cewa iyaye ne ke tura abin ba zato ba ne kawai. A Ghana, inda aka mayar da shekara biyu na kindagatin wani ɓangare na ilimin tilas, an yi wani gwaji a makarantu 240 na yankin Accra a zangon 2015 zuwa 2016. An horar da malamai su rage haddar baki da duka, su ƙara wasa da hira da yara, kuma aka ga ajin ya gyaru, yaran sun ƙaru. A wasu makarantun sai aka haɗa da tarurrukan wayar da kan iyaye a kan sabon salon. Abin mamaki, a waɗannan makarantun ribar da aka samu a wajen yaran ta zube. Kiran taro a gaya wa uba cewa wasa karatu ne bai isa ya sauya abin da ya yi imani da shi ba. Duk wanda ya san iyayenmu ya san da a nan aka yi gwajin, da wuya labarin ya bambanta.

Wani abin ban dariya shi ne sunan da ya fi yawa a allunan makarantun nan, wato Montessori. Maria Montessori likita ce 'yar Italiya, ta buɗe gidan yaranta na farko a 1907 a wata unguwar talakawa ta birnin Rum. Abin da ta shahara da shi shi ne ta ƙi jera yara a benci. Ta sa aka yi musu kujeru daidai tsayinsu, ta bar kowa ya zaɓi abin da zai yi, ta koya musu shara, da zuba ruwa daga buta zuwa kofi ba tare da ya zube ba, da ɓalla maɓalli, da wanke hannu. Kafin ita, Friedrich Froebel na Jamus, wanda ya ƙirƙiro kindagatin a 1840, a kan wasa da waƙa da aikin lambu ya gina nasa. Da za a ta da matar nan a zagaya da ita, ina jin za ta fi gane aikinta a tsakar gidan kakata fiye da ajin da aka rubuta sunanta a ƙofarsa.

Masu cewa makarantar wuri na da amfani suna da hujja, kuma hujjar mai ƙarfi ce, sai dai a duba ta da kyau. Wadda aka fi ambata ita ce ta makarantar Perry a garin Ypsilanti na Jihar Mishigan a Amurka, daga 1962 zuwa 1967. Yara 123 ne 'ya'yan talakawa baƙar fata, aka raba su biyu, aka sa kashi ɗaya a shirin, aka bi rayuwarsu har suka haura shekara arba'in. Waɗanda suka shiga sun fi gama sakandare, sun fi samun aiki, sun fi kauce wa gidan yari. Amma ga yadda shirin yake: yaran 'yan shekara uku da huɗu ne, awa biyu da rabi kawai suke yi da safe, malami ɗaya na kula da yara biyar ko shida, malaman masu horo ne, kuma duk mako malama na zuwa gida ta zauna da uwa. Wace makaranta ce a unguwarku ta yi kama da wannan? A Jihar Tenesi kuma, can dai a Amurka, da aka bi yara kusan dubu uku, sakamakon da ya fito a 2022 ya girgiza masana: waɗanda suka shiga ajin share fage na gwamnati suna shekara huɗu sun fara firamare a gaba, amma kafin aji shida sun koma bayan waɗanda ba su shiga ba, a jarrabawa da kuma ladabi. Ɗaya daga cikin masu binciken, Dale Farran, ta danganta abin da yawan zaman shiru, da jerin gwano, da cusa haruffa, da ƙarancin wasa.

Manomi ya san binne. Wani kan zuba iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka don ya riga kowa. Wata shekarar ya dace, wata shekarar yayyafi ya taɓa irin ya tsiro ya ƙone, maƙwabcinsa da ya jira damina ta zauna ya zo ya wuce shi. Harafin da aka sha wata shida ana dannawa a kan ɗan shekara biyu, ɗan shekara biyar cikin 'yan kwanaki yake ɗauke shi, don hannunsa ya yi ƙwarin riƙe fensir, idonsa ya iya bambance siffofi. A Finlan sai yaro ya kai bakwai yake shiga aji ɗaya, ba a kuma taɓa jin sun koka da jahilci ba.

Binciken da ya fi kama da halinmu ba a ƙasar masu kuɗi aka yi shi ba, a Jamaika ne. A 1986 da 1987, wata likita mai suna Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 da suka tsumbure a unguwannin talakawa na Kingston, 'yan wata tara zuwa wata 24. Ba su gina aji ba, ba su ɗinka yunifom ba. Ma'aikaciyar lafiya ta unguwa ce ke zuwa wasu daga cikin gidajen sau ɗaya a mako, ta yi awa guda, har shekara biyu. Tana zuwa da kayan wasan da aka haɗa da robobi da tsummoki da kwalaye, ta nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta riƙa kiran sunan abubuwa, ta yaba masa in ya yi daidai. Bayan shekara ashirin aka nemo yaran. Waɗanda aka yi wa ziyarar suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na sauran da kashi 25 cikin ɗari, har sun kamo tsaransu da ba su tsumbure ba. Abin da aka gyara a nan uwa ce da hirarta da ɗanta.

Hirar nan ita ce ƙashin bayan al'amarin, kuma sai da mutum take yiwuwa. A 2003, Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington ta kawo jarirai 'yan wata tara na gidajen da Turanci kawai ake yi, aka yi musu zama 12 da masu jin Sinanci suna musu wasa da karatu. Jariran suka iya bambance sautukan Sinanci kamar 'ya'yan Taiwan. Wasu jariran aka nuna musu mutanen nan dai, suna faɗar abu iri ɗaya, amma a talabijin. Ba su koyi komai ba. Wannan ya isa amsa ga wanda ke miƙa wa ɗan shekara ɗaya waya ya ce katun na koya masa Turanci. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allon waya ko talabijin, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Ta ce yana bukatar aƙalla awa uku na motsa jiki a wuni, kada a ɗaure shi wuri ɗaya fiye da awa guda a jere, kuma ɗan shekara ɗaya zuwa biyu na bukatar barcin awa 11 zuwa 14. A auna wannan da yaron da ake tasa da asuba a cusa shi a adaidaita sahu, ya dawo ƙarfe ɗaya, a kai shi Islamiyya ƙarfe huɗu, ran Asabar kuma mai lesin ya zo.

Batun hana Hausa a aji shi ya fi ci mini rai. Ɗan shekara biyu yanzu ne yake haɗa kalma biyu zuwa uku, yanzu ne ya gano cewa in ya faɗi abu duniya na amsa masa. A daidai wannan gaɓa sai a kai shi inda harshen da yake da shi laifi ne, wadda za ta koya masa sabon kuma ita ma ba ta ƙoshi da shi ba. Yara na iya tashi da harshe biyu ko uku lafiya lau. Yaran Sabon Gari da na zangon Kumasi shaida ne. Amma suna samunsu ne daga bakin masu yi da su hira, ba daga amshi ba. Haddar gajerun surori ma haka take. Kunnen ƙaramin yaro na da kaifi, yana jin daɗin maimaitawa, kuma in uwa ko uba na karantawa yana bi, zai ɗauka ba tare da an sani ba. Inda ake ɓata abin shi ne a zaunar da ɗan shekara uku awa huɗu, a tsare shi da bulala, a ce sai ya kawo shafi.

A ganina, ga yaron da bai kai uku ba, in yana da mai kula da shi da ke masa magana, da yara da zai yi cuɗanya da su, da wurin da zai yi gudu, da abinci, to aji ba zai ƙara masa wani abin kirki ba, aji marar kyau kuwa zai rage masa. Masu hali da ke kai 'ya'yansu koyon iyo ko zane ko buga ƙwallo, in yaro na murna kuma uwa na samun fita ta ga mutane, madalla, amma kada a ɗauka wani sirrin basira ake saya. A wannan shekarun yaro ko wasa da tsaransa bai gama iyawa ba, yakan zauna kusa da su ne kowa na nasa. Daga uku zuwa sama, 'yan awoyi a wuri mai kyau na da amfani, musamman ga yaron da ke kulle a filat shi kaɗai. Waɗanda kuma shiri mai kyau zai fi canza wa rayuwa, su ne ba su samunsa: ɗan da ya tsumbure a ƙauyen Jigawa ko Kabi, ɗan sansanin gudun hijira, ɗan yarinyar da aka aurar tana ƙarama ba ta da mai nuna mata. Dokar UBE ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin ilimin bai-ɗaya, kuma an buɗe azuzuwan share fage a firamaren gwamnati da dama, amma galibi abin da za ka tarar ɗaki ne cike da yara a ƙasa da malama guda. Muna da ma'aikatan lafiya a asibitocin sha-ka-tafi, muna da masu bi gida-gida don rigakafi, muna da Islamiyyun matan aure a kusan kowace unguwa. Abin da aka yi a Kingston bai fi ƙarfin waɗannan ba, in gwamnatocin jihohi sun ga dama.

Ke kuma da larura ta sa dole ki kai naki, kada fentin get da sunan Turanci su ruɗe ki. Ki je da hantsi ba tare da kin sanar ba, ki ƙirga yaran da ke ɗakin da manyan da ke tare da su. Ki duba ko akwai tabarma da fili da inuwa da wurin barci, ki duba banɗaki. Ki saurara ki ji muryar wa ta fi yawa, ta anti ko ta yara, kuma in yaro ya yi magana da Hausa, ki ga ko ana amsa masa. Anti da ke durƙusawa ta yi daidai da tsayin yaro kafin ta yi masa magana ta fi kwamfuta goma da aka jera a ofis. In aka nuna miki littafin rubutun 'yan shekara biyu ana alfahari, ki san hannun babba ne. In kuwa aka ce ba a barin iyaye su shiga aji su zauna, ki riƙe kuɗinki ki nemi wani wurin.